Tambayoyi da amsoshi: yadda manyan 'yan ƙwallon kwando ke fahimtar dabarun ƙungiya

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, ranar da ya fara kallon ƙwallon kwando abin da zai gani shi ne dogayen mutane goma suna kai-komo a guje, maki na ta hawa. Idonsa na kan ƙwallo, alhali mafi yawan aikin ana yin sa ne a inda ƙwallon ba ta. Kafin a shiga tambayoyin, ga kalmomi uku da za su yawaita. "Akwati" shi ne filin nan mai fenti da ke ƙarƙashin kwando. "Shinge" shi ne ɗan wasa ya tsaya cak a kan hanyar mai gadin abokinsa don ya tare shi. "Hari" kuwa shi ne duk lokacin da ƙwallo ke hannun ƙungiya har ta jefa ko ta rasa ta.

Koci ne ke zana komai, 'yan wasa su haddace?

Akwai zane, akwai hadda. Ƙungiyar ƙwararru tana da tsare-tsare da dama, kowanne da sunansa ko alamarsa: mai rabon ƙwallo ya ɗaga yatsa biyu, ko ya dafa kai, sauran huɗun su san inda kowa zai tsaya. Amma zanen yakan ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma aikinsa guda ne: ya tilasta wa masu tsaro biyu su koma kan mutum ɗaya, ko ya sa mai tsaro ya makara da taki guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da an samu wannan ɓaraka, hadda ta ƙare, sai karatu. Tunda biyu sun tafi kan ɗaya, wani na can ba mai gadinsa, dole ƙwallo ta same shi kafin tsaro ya gyara tsayuwa. Idan mai tsaro na uku ya rugo ya tare shi, to ya bar nasa, sai ƙwallo ta wuce can. Haka ake bin ɓarakar har ta kai ga jifa mai kyau.

Abin da ke kashe ta shi ne riƙe ƙwallo. Daƙiƙa biyu na tunani sun ishi masu tsaro su koma mazauninsu, a dawo farko, ga agogon hari na daƙiƙa 24 yana cin lokaci. Shi ya sa koci Gregg Popovich ya kafa wa 'yan San Antonio Spurs ƙa'idar rabin daƙiƙa: ƙwallo na shiga hannunka, ko ka jefa, ko ka kutsa, ko ka ba wani. Da wannan salo suka doke Miami Heat da wasa 4 da 1 a ƙarshen gasar NBA ta 2014, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka, inda ake karawa har sai wata ta ci wasa huɗu. A rabin farko na wasa na uku, cikin jifa 33 da suka yi, 25 suka shiga.

Me ya sa masu horarwa ba sa gajiya da maganar tazara?

Saboda filin ƙarami ne. Na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, mita 28 ne a tsayi, 15 a faɗi, kuma a rabinsa mutum goma ke cunkushe, mafi yawansu sun kusa mita biyu ko sun haura. Idan masu kai hari biyu suka tsaya kusa da juna, mai tsaro ɗaya ya ishe su, an bar wa tsaro rarar mutum guda da zai zauna a akwati yana jiran duk mai shigowa. Abin da aka saba koyarwa shi ne mita huɗu da rabi zuwa biyar da rabi tsakanin ɗan wasa da abokinsa. In ta gaza haka, taimako na zuwa da wuri. In ta wuce, ƙwallo na daɗewa a iska, a cafe ta.

Kusurwoyin fili biyu su ne wurare mafi daraja. Layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku maimakon biyu, a NBA yana nisan mita 7.24 daga kwando ta sama, amma a kusurwa mita 6.70 ne. A FIBA 6.75 ne da 6.60. Jifan kusurwa ya fi kusa, kuma mai gadin wanda ke kusurwa shi ne yawanci ake buƙata ya taimaka a ƙarƙashin kwando. An sa shi tsaka mai wuya ke nan: ya taimaka ya bar maki uku, ko ya tsaya ya bar maki biyu masu sauƙi.

Amma tsayuwa a wajen layi ba ta wadatar ba. Idan kowa ya san ba ka iya jifa daga nesa, mai gadinka zai bar ka a can ya koma akwati, tazarar ta zama ta banza. Wannan ne dalilin da ya sa a yau ake neman dogaye masu jifa daga waje. Boston Celtics da suka ci kofin 2024 sukan jera mutum biyar a wajen layi, har da dogonsu Al Horford ko Kristaps Porzingis, dogon abokan hamayya ya rasa dalilin zama a ƙarƙashin kwando.

Mene ne fik-an-rol, kuma yaya ake yin sa daki-daki?

Shi ne shinge ga mai ƙwallo, sannan mai shingen ya gangara kwando. Mutum biyu ke yi, mutum biyar ke sa ya yi aiki. Babu dabarar da ake maimaitawa kamarsa a ƙwallon kwandon ƙwararru. John Stockton da Karl Malone sun shafe kusan shekara 18 suna yin sa a Utah Jazz, kowa ya san shi za su yi, kuma da wuya aka hana su.

Mai ƙwallo ne ke fara aiki, da haƙuri. Sai ya jira shingen ya kafu. In ya yi gaggawar wucewa dogon na tafe bai tsaya ba, alƙali zai busa wa dogon laifin shinge mai motsi, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, kuma laifin a gaskiya na mai ƙwallon ne. Kafin ya bi ta shingen, yakan yi taki ɗaya ko biyu zuwa ɗaya gefen don mai gadinsa ya karkata. Sannan ya wuce kafaɗa da kafaɗa da mai shingen. Idan ya bar rata ko ta tafin hannu biyu ce, mai gadin zai kurɗa ta nan, shingen ya tashi a tutar babu.

Mai shinge kuma ya zo a guje, don dogon da ke gadinsa ya makara. Ya tsaya ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, hannuwa a jiki, bayansa na fuskantar inda yake so abokinsa ya nufa. Wannan kusurwar tsayuwa ita ce sirrin da masu kallo ba sa lura da shi: idan bayansa na kallon layin gefe, ya tura abokinsa gefe, mai gadi ya bi ta ƙasa ya tare shi, idan bayansa ya karkata wajen kwando, ya buɗe masa gangara. Bayan karo, sai ya juya ƙirjinsa na kallon ƙwallo, ya gangara hannu a sama. Idan mai jifa ne, yana iya fita waje maimakon gangarawa. Idan ya ga mai gadinsa ya riga ya fito sama da wuri, sai ya sulale tun kafin karo.

Shi mai ƙwallo, bayan ya wuce shingen, ba mai gadinsa yake kallo ba, wannan an riga an bar shi a baya. Dogon da ke gabansa yake fara dubawa, sannan mutum na uku, wato mai tsaron da ke ɓangaren da babu ƙwallo, mafi kusa da kwando. In wannan ya matso don tare mai gangarowa, ƙwallo ta tafi kusurwa. In ya tsaya, ta tafi ga mai gangarowa. Sauran biyun da ke ɓangaren can ma ba zaune suke ba: wanda ke kusurwa yakan ɗan hauro sama yayin da dogon ke gangarawa, don mai gadinsa ya kasa riƙe su duka biyu.

To masu tsaro fa, me suke yi a kai?

Hanyoyi huɗu ko biyar ne, kuma kowace tana toshe wata ƙofa ta buɗe wata. Koci yana zaɓen asarar da zai iya jurewa ne.

Ta farko, ja da baya. Dogon tsaro ya zauna kusa da akwati, mai gadin ƙwallo ya bi ta saman shinge ya biyo baya. An kare kwando, an kare kusurwa tunda ba a buƙatar taimako sosai, an bar jifan tsaka-tsaki. Milwaukee Bucks sun gina tsaronsu a kan haka da Brook Lopez, Utah kuma da Rudy Gobert. Maganinta ɗan wasan da ke iya tsayawa ya jefa maki uku yana fitowa daga shinge, ko a cire dogo a sa masu jifa biyar. Haka Los Angeles Clippers suka yi wa Utah a 2021: a wasa na shida an ba su ratar maki 25, sai Clippers suka ajiye ɗan wasansu Terance Mann a kusurwa, Gobert ya rasa ko kwando zai tsare ko shi, Mann ya ci maki 39, Clippers suka yi nasara.

Ta biyu, musaya: kowa ya karɓi mutumin ɗan'uwansa. Ba ɓaraka ko ta daƙiƙa ɗaya, ba a buƙatar mutum na uku. Farashinta shi ne gajere ya tsinci kansa yana gadin dogo a ƙarƙashin kwando, dogo mai nauyin ƙafa kuma yana gadin mai sauri a waje. Masu hari sukan yi ta kiran shinge da mutumin da mafi raunin masu tsaro ke gadi har sai ya faɗo hannun tauraronsu. Musaya tana aiki ne kawai idan 'yan wasa biyar ɗin sun kusa da juna a tsayi da sauri.

Ta uku, taron dangi: biyu su rufa a kan mai ƙwallo su ƙwace ta ko su tilasta masa ya rabu da ita. Wannan aka daɗe ana yi wa Stephen Curry. Amsar Golden State Warriors ita ce Draymond Green: ya kafa shingen, ya sulale zuwa layin jifan kyauta da ke saman akwati, Curry ya cilla masa, sai ga mutum huɗu a kan uku, kuma ƙwallo na hannun wanda ya iya rabo. Idan mai shingen bai iya yanke shawara da ƙwallo a hannu ba, taron dangi ya ci riba.

Akwai kuma ta gefen fili, wadda koci Tom Thibodeau ya shahara da ita a Chicago: mai gadi ya tsaya tsakanin mai ƙwallo da shingen, ya hana shi amfani da shi, ya kora shi zuwa layin gefe inda dogon ke jira. Layin gefe ya zama mai tsaro na uku. Ana karya ta idan mai shingen ya juya kusurwar tsayuwarsa, ko ya fita fili a tsakiya ya karɓa.

Masu hari ma sun ƙara dabara a kai. Wadda ake kira fik-an-rol na Sifaniya, saboda tawagar ƙasar ce ta yi fice da shi, tana ƙara mutum na uku, mai jifa, ya kafa shinge a bayan dogon tsaro yayin da mai shingen farko ke gangarawa, sannan shi ya fita layin maki uku. Masu tsaro uku ne za su yanke shawara a lokaci guda, kuma kuskuren ɗaya ya isa.

Me suke ta ihu a kai a lokacin tsaro?

Mai gadin ƙwallo ba ya ganin bayansa. Dogon da ke baya shi ke ganin fili duka, shi ke faɗa masa shinge na zuwa, ta hagu ko ta dama, da kuma wace hanya za a bi. Kiran ya zama da wuri, da ƙarfi, a maimaita shi. In ya zo bayan karo ya riga ya faru, ba shi da amfani.

Bayan haka sai cike gurbi. Mafi kusa da kwando a ɓangaren da babu ƙwallo ya tare mai gangarowa. Abokinsa na sama ya sauko ya tsaya tsakanin masu jifa biyu, ya bi duk wanda aka fara ba ƙwallo, wanda ya taimaka kuma ya ruga ga ɗayan. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, mutum biyu su ruga wuri ɗaya saboda ba su yi magana ba. Na biyu, taimako daga kusurwar da ke ɓangaren ƙwallo: wannan fas ne gajere, mai sauƙi, zuwa jifa mafi kusa, shi ya sa kusan kowane koci ya haramta shi. Rugawa ga mai jifa ma da ƙa'ida. Gwanin jifa, a ruga masa gaba ɗaya a kore shi daga layi. Wanda bai ƙware ba, a tsaya taki biyu kafin a kai gare shi a tsare kutse.

Me ya sa yanzu kowa ke jifan maki uku? Ba caca ba ce?

Lissafi ne. Wanda ke cin 36 cikin 100 daga layin maki uku yana samar da maki 1.08 a kowane jifa. Wanda ke cin 45 cikin 100 daga nesa amma cikin layi, wanda kuwa gwani ne, yana samar da 0.90. A ƙarƙashin kwando, 65 cikin 100 na ba da 1.30. A wasan da kowace ƙungiya ke kai hari kusan sau 100, wannan bambanci shi ne nasara ko faɗuwa. A kakar 1979-80 da NBA ta shigo da layin, ƙungiya ba ta kai jifa uku daga can a wasa ba. Yanzu ana haura 35.

Tawagar D'Tigers ta Najeriya ta nuna amfanin haka a Las Vegas a watan Yulin 2021, lokacin da ta doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan share fagen Olamfik, ƙarƙashin koci Mike Brown. Jifa 20 na maki uku suka shiga a ranar. Ƙungiyar da ba ta kai abokiyar karawarta taurari ba, wannan ce hanyarta mafi kusa.

Haɗarin kuma gaskiya ne. Houston Rockets sun ɓarar da jifa 27 a jere daga layin a wasa na bakwai da Golden State a 2018, suka fita daga gasar a gidansu. Kuma ba kowane jifan maki uku ne mai kyau ba. Wanda ya biyo bayan kutse cikin akwati, ƙwallo ta fito ga mutum ƙafafunsa a shirye, daban yake da wanda aka yi da hannu a fuska saboda an rasa abin yi. Ƙungiyoyin kirki suna ƙirga sau nawa ƙwallo ta taɓa akwati kafin jifa.

Wanda ba ƙwallo a hannunsa, me yake yi?

Yana kallon kan mai gadinsa. Da ya ga ya juya fuska ga ƙwallo, sai ya sulale ta bayansa zuwa kwando. Nikola Jokic na Denver Nuggets, wanda ya kai su ga kofin 2023, yakan tsaya da ƙwallo a saman akwati yana jiran wannan juyin kai, Aaron Gordon kuma ya san lokacin shiga. Idan abokinsa ya kutsa ta layin ƙarshe, sai ya zame zuwa kusurwa don a gan shi. Idan ya ba da ƙwallo, ba ya tsayawa kallo; Curry ya fi haɗari a daƙiƙa biyun da ke bayan ya rabu da ita, domin a lokacin ne mai gadi ke sakin jiki. Sau da yawa gudun da ɗan wasa ya yi bai sa ya taɓa ƙwallo ba, amma ya ja mutum biyu, wani ya ci. Takardar alƙaluman wasa ba ta rubuta wannan, koci kuwa yana gani a bidiyo.

Tsaron yanki ya fi, ko kowa da nasa?

A matakin ƙwararru kowa da nasa shi ne tushe, tsaron yanki kuma, inda kowa ke tsare wani sashe na fili maimakon mutum, makami ne na canza yanayi. NBA ta haramta shi har zuwa 2001, kuma da ta halatta sai ta haɗa da dokar da ta hana mai tsaro zama a akwati fiye da daƙiƙa uku ba ya gadin kowa. FIBA ba ta da wannan doka. Ana karya tsaron yanki ta hanyar sa mai iya rabo a layin jifan kyauta, a tsakiyar masu tsaro, da tara mutum uku a gefen da masu tsaro biyu ke kula da shi. Rauninsa na dindindin shi ne ƙwallon da ta dawo daga kwando, tunda ba wanda ke da takamaiman mutumin da zai tare.

A wasa na biyu na ƙarshen gasar 2019, bayan Klay Thompson na Golden State ya ji rauni kuma abokinsa Kevin Durant ba ya nan, koci Nick Nurse na Toronto Raptors ya sa mutum huɗu su tsaya kamar kusurwoyin akwati, Fred VanVleet shi kaɗai ya manne wa Curry. Dabara ce da aka fi gani a wasan makarantu. Golden State sun shafe mintuna ba su ci maki ba, ko da yake sun tsira da wasan. Toronto ce ta ɗauki kofin, kuma shugaban da ya haɗa wannan ƙungiya, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi.

Yaya suke koyon duk wannan ga wasa 82 a kakar NBA?

Lokacin atisaye kaɗan ne, don haka bidiyo ne babban aji. Kafin kowane wasa ana ba 'yan wasa rahoto kan abokan hamayya: wane hannu wane ya fi so, ta wace kafaɗa yake juyawa, wa za a bari ya jefa, wane suna suke kiran tsare-tsarensu. Da safe a taka tsare-tsaren a fili a hankali. Tun kakar 2013-14 akwai kyamarori a dukkan filayen NBA masu bin motsin kowane ɗan wasa da ƙwallo, har a iya sanin maki nawa ƙungiya ke bayarwa idan ta yi musaya da kuma idan ta ja baya. Aikin mataimakan koci shi ne su tace wannan tulin su mayar da shi abu uku ko huɗu da ɗan wasa zai iya riƙewa yana haki. Wanda aka cika wa kai da umarni goma yakan tsaya tunani, tunani kuma taki guda ne na makara.

A wasannin fitar da gwani, inda ake karawa har sau bakwai da ƙungiya ɗaya, a nan gyara ke bayyana. A 2015 Cleveland na gaba da wasa 2 da 1, kocin Golden State Steve Kerr ya cire dogonsa Andrew Bogut ya fara da Andre Iguodala, Golden State suka ci uku a jere. A 2019 Milwaukee na gaban Toronto 2 da 0, sai aka ɗora Kawhi Leonard a kan Giannis Antetokounmpo, sauran suka jeru a bayansa kamar katanga a bakin akwati, Toronto ta ci huɗu a jere.

Wane lissafi ake yi da agogo a ƙarshen wasa?

Idan saura daƙiƙa 36 zango ya ƙare kuma ƙwallo na hannunka, ka jefa kafin agogo ya sauka ƙasa da 30. Abokan hamayya ba za su riƙe fiye da 24 ba, sai ta dawo maka da saura biyar ko shida: hari biyu ke nan a kan ɗaya nasu. Kuskuren shi ne a yi mummunan jifa don kawai a cika lissafin.

Idan kana gaba da maki uku, saura daƙiƙa kaɗan, masu horarwa da yawa sun fi son a yi laifi da gangan kafin a ɗaga hannu, a ba da jifan kyauta biyu, a hana maki ukun da za su kawo kunnen doki. Haɗarinsa a makara a taɓa mutum yana cikin jifa, a ba shi uku. Akwai kuma zaɓin wa zai kasance a fili. A wasa na shida na ƙarshen gasar 2013, San Antonio na gaban Miami da maki uku, Popovich ya cire dogonsa Tim Duncan don a iya musaya a layin waje. LeBron James na Miami ya jefa bai shiga ba, Chris Bosh ya cafe, ya miƙa wa Ray Allen a kusurwa, ya ci saura daƙiƙa 5.2. Dabarar tana da hujja, amma ta bar kwando ba dogo.

Me ya sa wani lokaci taurarin Amurka kan sha kashi a gasar duniya?

Wasan FIBA minti 40 ne maimakon 48, hari ya yi ƙaranci, rata ba ta buɗewa da sauƙi. Laifi biyar ke fitar da mutum maimakon shida. Dogo na iya zama a akwati yadda ya so, kuma ana iya taɓa ƙwallo bayan ta bugi zobe. Sannan tawagogin Turai da Kudancin Amurka sukan daɗe tare. Ajantina ta fitar da Amurka a wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin 2004. A 2006 a Japan, Girka ta doke ta 101 da 95 da fik-an-rol ɗaya da ta yi ta maimaitawa, 'yan Amurka ba su daidaita kan yadda za su tare shi ba har aka tashi. Jamus ma ta doke ta a 2023 da ci 113 da 111. Sabo da juna ne kuma ya taimaki D'Tigress, tawagar matan Najeriya, ƙarƙashin koci Rena Wakama a Paris a 2024, inda suka doke Ostareliya da Kanada da matsin tsaro, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwandon Olamfik.

Idan ƙungiya na da babban tauraro, me za ta yi da dabara?

Tauraro shi ne hanya mafi sauƙi ta jawo mutum biyu, dabara ce ke hukunta wanda ya aiko su. Detroit Pistons sun fitar da Chicago Bulls shekara uku a jere, 1988 zuwa 1990, ta hanyar rufa a kan Michael Jordan. Da tsarin kusurwa uku na Tex Winter ya zauna ƙarƙashin koci Phil Jackson, Chicago ta share su 4 da 0 a 1991. Jifan da ya ba su kofin 1993 John Paxson ne ya yi shi, na 1997 kuma Steve Kerr, a lokacin yana ɗan wasa, Jordan ne ya ba shi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ci kofin 1994 da 1995 saboda kocinsa a Houston, Rudy Tomjanovich, ya kewaye shi da masu jifa irin su Kenny Smith da Robert Horry: a bar shi da mutum ɗaya ya ci, a rufa masa ya fitar da ita waje.

Ƙaramar ƙungiya da ba ta da kyamara ko tulin mataimaka, daga ina za ta fara?

Daga uku-da-uku a rabin fili, domin kowa zai taɓa ƙwallo kuma ba wurin ɓuya. A sa ƙa'idoji: wanda ya ba da ƙwallo dole ya kutsa ko ya kafa shinge, ba a buga ƙwallo a ƙasa fiye da sau biyu, kuma maki ba ya shiga lissafi sai ƙwallo ta taɓa akwati. Sannan huɗu-da-uku na minti goma kullum, masu hari su koyi bin ɓaraka, masu tsaro su koyi magana. A tsaro, a zaɓi hanya ɗaya ta tare fik-an-rol, wadda ta dace da ƙafafun dogon da ake da shi, a yi ta har kowa ya iya kiran ta ba tunani, kafin a ƙara ta biyu. Wayar hannu ɗaya da aka ɗaure a wuri mai tsayi, tana ɗaukar rabin fili duka, ta isa a zauna bayan atisaye a tsayar da hoto a daidai lokacin da biyu suka tafi kan ɗaya, a tambayi kowane yaro: a nan, wa ke buɗe, kuma kai ina ya kamata ka tsaya?